SUNA LINZAMI: Barth, sunan da ya kwana Agadas da Damagaram

Wasiƙar da ta buɗe mana filin wannan mako daga Damagaram ta fito, daga hannun wani ma'aikaci. Ya ce ɗanshi da ke lakwal ya tare shi da tambaya: wane ne wannan Barth da ake nuna ma baƙi masaukinshi cikin unguwar Birni, kuma mene ne ma'anar sunan? Uban ya amsa mashi da cewa wani Bafaranshe ne na zamanin mulkin mallaka. Daga baya zuciyarshi ba ta kwanta da amsar ba, shi ne ya rubuto mana. Malam, mun gode, kuma shakkar da ka yi tana bisa hanya. Mutumin Bajamushe ne, bai zo da soja ba, ya kuma bar ƙasashen nan fiye da shekara 40 kafin sojan Faransa su kama Damagaram cikin 1899. Bari mu ɗauko zancen daga tushe, domin sunan kanshi yana da labari, masu sunan kuma suna da nasu.

Yadda Jamusawa suka samu sunan gida

A zamanin da, Bajamushe suna guda gare shi, kamar yadda kakanninmu suke. Da birane suka cika, kasuwanci ya bunƙasa, aka fara rubuta haraji da bashi da gado cikin littattafai, sai suna guda ya kasa. In akwai Hans goma cikin unguwa ɗaya, wanne ne ake bi bashi? Dole aka riƙa ƙara ma kowa wata alama. Wannan al'ada ta soma ne wajen ƙarni na 12 cikin manyan birane irin su Kolon, ta bazu sannu a hankali zuwa ƙauyuka cikin ƙarnonin da suka biyo. Da farko alamar ta mutum ɗaya ce, in ya mutu ta bi shi kabari. Daga baya ta zama gado, ɗa ya ɗauki ta ubanshi ko da ba ta dace da shi ba.

Wasu daga sana'a suka samo tasu. Müller, wanda ya fi kowane suna yawa a Jamus, mai niƙa ke nan. Schmidt maƙeri, Schneider tela, Weber masaƙi, Fischer masunci, Kaufmann kuwa ɗan kasuwa. Wasu daga sunan uba, wasu daga garin da suka fito ko wurin da gidansu yake. Wasu kuma daga laƙabi: Lang shi ne Dogo, Kurz Gajere, Schwarz Baƙi. Mai karatu zai ga ba wani baƙon abu ba ne. Abin da muke yi kullum a kasuwa ne, sai dai su sun ɗaure shi da takarda.

Saiwoyin sunan Barth

Masana sunayen Jamus suna kawo saiwa fiye da ɗaya, kuma ba dukan masu sunan ne suka fito tsatso guda ba. Ta farko, wadda aka fi ambata, ita ce gemu. Da Jamusanci gemu Bart ne. A lokutan da yawancin maza ke aske fuska, wanda ya bar gemunshi ya zama abin nuni, sai a ce da shi Mai Gemu. Irin wannan laƙabi har sarakuna bai bari ba. Sarki Friedrich na ɗaya, wanda ruwa ya ci cikin 1190 bisa hanyarshi ta yaƙi zuwa Gabas, Italiyawa sun kira shi Barbarossa, Jamusawa Rotbart, wato Jan Gemu. Haka nan Eberhard na ƙasar Württemberg, wanda ya kafa jami'ar Tübingen cikin 1477, da laƙabin Mai Gemu tarihi ya san shi.

Saiwa ta biyu sunan yanka ce. Bartholomäus sunan ɗaya daga cikin almajirai 12 na Annabi Isa ne, kuma asalinshi daga harshen Aramiya yake: bar shi ne ɗa, sunan duka yana nufin ɗan Talmai. Kiristocin Jamus sun yawaita raɗa ma ƴaƴansu shi, amma ya yi ma baki tsawo, sai aka riƙa gutsure shi kamar yadda muke mai da Abubakar Bukar ko Abu. Daga nan aka samu Barth da Barthel da Bartels. Saiwa ta uku gari ce: akwai wani ƙaramin birni mai suna Barth a bakin tekun Baltik, arewacin Jamus, wanda ya samu matsayin birni cikin 1255. Wanda ya baro shi ya zauna wani wuri, sai a kira shi da sunan garinsu, tamkar yadda ake cewa Ɗantawa ko Nakano. Akwai kuma wata tsohuwar kalma, Barte, sunan wani gatari mai faɗi, wadda ake danganta wasu gidaje da ita, maƙeransa ko masu ɗaukarsa.

To, harafin h na ƙarshe fa? Ba a furta shi, Bart ake cewa. Jamusawan da sun saba liƙa h bayan t cikin kalmomi da dama. Cikin 1901 aka yi taron daidaita rubutu a Barlin, aka cire wannan h daga kalmomin yau da kullum. Sunayen mutane kuwa ba a taɓa su ba, domin tun daga 1 ga Janairu 1876 hukuma ce ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a duk faɗin ƙasar, kuma yadda aka rubuta sunan gida haka yake zama. Shi ya sa harafin da ba ya magana ya tsira. Ga kuma gargaɗi ga masu karatun Faransanci: marubuci Roland Barthes da mai tsaron gida Fabien Barthez ba dangin Barth ba ne. Nasu sunan daga harshen kudancin Faransa ya fito, daga wata kalma mai nufin fili mai sarƙaƙiya. Kama da wane ba ta wane.

Abdulkarim

Wanda aka tambaye mu labarinshi, Heinrich Barth, an haife shi a Hamburg ran 16 ga Fabrairu 1821. Mahaifinshi ɗan kasuwa ne, kuma jinin bai ɓace ba: da ya gama jami'ar Barlin cikin 1844, littafin da ya rubuta don samun digirin dokta bisa cinikin tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka yake. Ya koyi Larabci, ya yi yawo gaɓar Bahar Rum daga 1845 zuwa 1847, har ƴan fashi suka raunata shi suka kwashe kayanshi kafin ya shiga Masar.

Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar da ta kawo shi nan, da niyyar ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar kashe cinikin bayi. Su uku suka taso daga Tarabulus cikin watan Maris na 1850: shugabansu James Richardson, Bature ɗan Ingila, sai Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim, da shi kuma aka san shi tun daga Azbin har Tumbutu. Cikin Oktoba na 1850 ya bar abokan tafiyarshi ya shiga Agadas, ya yi kusan mako uku, ya ga naɗin Sarki Abdulƙadir. Ya ƙiyasta mutanen garin wajen 7.000, ya kuma lura da yawan kangaye da ke shaida cewa birnin ya taɓa fin haka nesa. Gidan da ya sauka yana cikin tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Cikin Janairu 1851 suka rabu a Damargu, kowa ya kama hanyarshi, da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya bi ta Damagaram, ajali ya cim mashi cikin Maris kafin ya isa. Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir. Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano farkon Fabrairu. Abin da ya rubuta bisa kasuwar Kano, ƴan kasuwarmu za su so ji. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30.000, ya ce lokacin da ayari ke sauka sukan kai 60.000. Tufafin da ake saƙawa a rina a fitar kowace shekara ya yi masu kuɗi aƙalla wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2.500 ke daidai da riyal guda na azurfa. Ya bi sawun wannan saƙi ya ga yana kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Irin wannan lissafi ba ya samuwa sai ga mai zama rumfa yana tambaya da harshen masu rumfar, Barth kuwa ya ji Hausa, ya ji Barbarci, ya kuma taɓa Fulatanci da harshen Sanwai.

Overweg ya rasu bakin tafkin Cadi cikin Satumba 1852, Barth ya saura shi kaɗai. Maimakon ya juya gida, sai ya fuskanci yamma. Ya iso Damagaram ran 25 ga Disamba 1852, ya yi kusan wata guda yana jiran saƙon kuɗi da kaya daga arewa. Wannan zama shi ne asalin masaukin da ake nunawa cikin Birni. Daga nan ya bi ta Katsina zuwa Wurno inda ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A Gwandu aka ba shi aron littafin Tarihin Sudan na Larabci, ya kwafi abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne mawallafinshi, daga baya masana suka tabbatar na Abdurrahman Sa'adi ne. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin jerin sarakunan Sanwai. Ya ƙetare Kwara a Sayi cikin Yuni 1853, ya shiga Tumbutu ran 7 ga Satumba. Da aka gane Kirista ne ranshi ya shiga haɗari, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya tsaya mashi tsayin daka, ya ƙi miƙa baƙonshi duk da matsin da ya sha daga masu mulkin Masina. Sai cikin Mayu 1854 ya samu kama hanyar dawowa. A Turai kuwa har an ba da labarin mutuwarshi.

Ya isa Landan cikin Satumba 1855, bayan tafiyar kusan kilomita 20.000. Littafin tafiyar ya fito juzu'i 5, da Ingilishi da Jamusanci, cikin 1857 da 1858. Ya rasu a Barlin ran 25 ga Nuwamba 1865, yana da shekara 44. Ba za mu mai da shi waliyyi ba. Ya bi rundunar Barno zuwa harin bayi ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya rubuta ta'asar da ya gani, amma an zarge shi da bin rundunar. Hanyoyi da rijiyoyin da ya zana kuma sun amfani waɗanda suka zo bayanshi da bindiga. Duk da haka, ya rubuta ƙasashenmu a matsayin ƙasashe masu tarihi da malamai da doka, a zamanin da Turawa da yawa ke musun haka.

Akwai sunan da ya kamata a riƙa ambata tare da nashi. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙauyen Dambanas, wajen Kance, wanda aka kama aka sayar, Overweg ya ƴanta shi. Shi da abokinshi Abbega sun bi Barth har Tumbutu, sun kuma bi shi Ingila. A can wani malamin mishan, J. F. Schön, ya zauna da Dorugu yana rubuta labarin rayuwarshi da tatsuniyoyi daga bakinshi, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano cikin 1912. Baƙo yana da masaukin da ake ziyarta, ɗan gida kuwa ƴan lakwal nawa suka san sunanshi?

Rantsuwa da umurni

Ma'aikata, ga naku kason. Karl Barth ɗan ƙasar Suwis ne, an haife shi a Bazel cikin 1886, domin sunan ya bazu duk inda ake Jamusanci. Malamin addinin Kirista ne, ana lissafa shi cikin manyan masanansu na ƙarni na 20. Tun yana limamin wani ƙaramin gari mai suna Safenwil, daga 1911 zuwa 1921, ya goyi bayan leburorin masaƙa wajen neman haƙƙinsu. Daga 1930 yana koyarwa a jami'ar Bon, wato ma'aikacin gwamnatin Jamus ne mai albashi. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933 ya nemi majami'u su bi tafarkinshi, Karl Barth ne ya tsara mafi yawan sanarwar Barmen ta Mayu 1934, wadda ta ƙi yarda gwamnati ta zama ubangijin imani. Cikin wannan shekara aka wajabta ma kowane ma'aikaci rantsuwar biyayya ga Hitila shi kanshi. Barth ya ce zai rantse ne kawai in an yarda ya ƙara sharaɗi, cewa biyayyar ba za ta wuce abin da addininshi ya halatta mashi ba. Aka dakatar da shi, cikin 1935 aka kore shi. Ya koma Bazel ya ci gaba da koyarwa da rubutu, ya rasu can cikin 1968.

Ga kuma wani mai sunan. Heinz Barth hafsa ne cikin rundunar SS, kuma Heinz gajeren Heinrich ne, wato kusan takwaran matafiyinmu ne ciki da waje. Ran 10 ga Yuni 1944 yana cikin waɗanda suka kewaye ƙauyen Oradour-sur-Glane na Faransa, suka harbe maza, suka rufe mata da yara cikin majami'a suka cinna mata wuta. Mutum fiye da 640 suka hallaka. Kotun Bordo ta yanke mashi hukuncin kisa a bayan idonshi cikin 1953, shi kuwa yana zaune Jamus ta Gabas da sunanshi na gaskiya. Sai cikin 1983 aka gurfanar da shi a Barlin ta Gabas, aka ɗaure shi rai da rai. Hujjarshi ita ce umurni aka ba shi. An sake shi cikin 1997 saboda rashin lafiya, ya mutu a 2007. Suna ɗaya, zamani ɗaya, gwamnati ɗaya: wannan ya ƙi rantsuwa ya rasa aikinshi, wancan ya bi umurni ya rasa mutuncinshi.

Sauran masu sunan

Fredrik Barth, ɗan ƙasar Norwe da aka haifa a Leipzig cikin 1928, masanin zaman al'umma ne, ya yi bincike a Pakistan da Iran da Darfur. Littafin da ya shirya cikin 1969 ya nuna cewa ƙabila ba jini kaɗai ba ce, iyaka ce da mutane ke shatawa tsakaninsu, kuma ana ƙetare ta. Cikin misalan littafin akwai manoman Fur da in sun tara shanu suka bi makiyaya sai a wayi gari ana lissafa su cikin Baggara. Ya rasu a 2016. John Barth marubucin Amurka ne, ya rayu daga 1930 zuwa 2024, ya kuma ci babbar kyautar adabin ƙasarsu cikin 1973 da wani littafi da ya ɗebo daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Jürgen Barth yana cikin direbobi uku da suka ci tseren awa 24 na Le Mans cikin 1977 da motar Porsche. Ƴan kasuwa kuma su lura da gidan Barth na birnin Nuremberg, wanda aka kafa cikin 1794 yana cinikin wani fure da masu dafa giya ke saye. Kayan ba namu ba ne, darasin dai namu ne: gidan ya haura shekara 200 da sunan wanda ya kafa shi, a hannun zuriyarshi. Gidajen kasuwanci nawa muka sani da suka watse tun ba a yi sadakar arba'in ɗin mai su ba?

Abin da ya rage mana

Na taɓa raka wani ɗan'uwana neman kuɗinshi na ajiye aiki, bayan shekara 30 yana bauta ma ƙasa. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, takardar lakwal ta ce Mamadou, kardante ta ce Mahamane. Mutum ɗaya ne, kowa cikin buro ya san shi, amma takarda ba ta san fuska ba. Wata bakwai ya yi yana kai da kawowa, iyali na jira, kafin a yarda shi ne shi. Jamusawa sun riƙe harafin da ba a furtawa fiye da shekara 100 don kada ɗa ya rabu da uba cikin littafi, mu kuwa mukan bar ma kowane magatakarda ya rubuta mu yadda kunnenshi ya ji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Ranar da za ku rubuta haihuwar yaro a meri, ku tsaya ku karanta abin da aka rubuta kafin ku fita, ku kuma riƙe wannan rubutu guda cikin kowace takarda, ta lakwal da ta kasuwa da ta fili. Gado da bashi da albashi duk da harafi suke tafiya.

Wannan shi ne abin da takarda ke iya tsarewa. Sauran kuwa ba aikinta ba ne. Wani mutum da ba wanda ya san shi ya bar gemu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, maƙwabta suka yi mashi laƙabi. Cikin waɗanda suka gaji irin wannan suna an samu mai neman ilmi, an samu mai tsayawa bisa gaskiya, an samu mai kisan mata da yara. Suna ana gadonshi, hali kuwa kowa da nashi. Malam na Damagaram, ka gaya ma ɗanka Barth na nufin Mai Gemu, ka kai shi Birni ya gani da idonshi, kada kuma ka manta ka ba shi labarin Dorugu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.